An ba ni aikin koyarwa a Ulanbator: in tafi da iyali ko in fara yin gaba?

Malamin_Turanci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Wata makaranta mai zaman kanta a Ulanbator, babban birnin Mongoliya, ta ba ni aikin koyar da Turanci na shekara biyu. Mun yi hira sau biyu ta bidiyo, sun turo takardar yarjejeniya, suna jiran in sa hannu kafin ƙarshen wata. Albashin bai kai na ƙasashen Larabawa ba, amma an ce mini kuɗi na auki a can. Abin da ke hana ni barci shi ne sanyi, don duk inda na duba sai in ga an ce a duk manyan biranen ƙasashen duniya babu wanda ya kai shi. Ina da mata da yarinya 'yar wata takwas. Akwai wanda ya taɓa zama can a cikinmu? Da gaske ne akwai arha? Kuma in tafi da su ne, ko in fara yin gaba?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Ni ban san garin ba, amma kafin komai ka tabbatar makarantar tana nan da gaske. Kada ka tura wa kowa ko kwabo da sunan kuɗin biza. Su ne ya kamata su nema maka izinin aiki, ba kai ba.

Baƙon_Tuul:
Wa alaikumus salam Malam. Shekara uku na yi a garin nan, kuma irin aikin da aka ba ka na yi, don haka bari in ba ka amsa a tsanake.

Sanyin gaskiya ne, babu ƙari a ciki. A watan Janairu da dare yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokaci ya doshi 40, da rana ma yana wajen 15 zuwa 20 ƙasa da sifilin. Ranar da na fara fita cikin irin wannan, gashin cikin hancina ne ya fara daskarewa, in na ja numfashi sai in ji kamar ana soka mini tsinke. Kafin in kai wurin tsayawar bas, tururin bakina ya hau gemuna ya zama ƙanƙara fari fat. Wayata da ke aljihun waje ta ɗauke, alhali da cajinta na fito. Tun ranar nake sa ta a aljihun ciki, jikin ƙirji.

Sai dai wannan sanyin a waje yake. Gidajen bene na cikin gari an haɗa su da bututun ruwan zafi daga tashoshin wutar lantarki, ana kunnawa tsakiyar Satumba, ba a kashewa sai tsakiyar Mayu. A ɗakina da singileti nake zama a watan Janairu, har nakan ɗan buɗe taga don zafin ya yi yawa. Wallahi na fi shan sanyi a ɗakin kwananmu na makarantar kwana a Jos lokacin hunturu, don a can babu inda za ka gudu.

Abin da nake so ka tsaya ka yi tunani a kai shi ne hayaƙi. Garin a cikin kwari yake, a bakin kogin Tuul, duwatsu sun kewaye shi. Kusan rabin mutanen ƙasar a nan suke, kuma da yawansu suna zaune a unguwannin gefen gari, musamman ta arewa, cikin ger, wato tantin nan nasu mai zagaye da ake lulluɓewa da matsattsen gashin tumaki, ko cikin ƙananan gidajen da bututun ruwan zafi bai kai ba. Su kwal suke ƙonawa a murhu dare da rana, in ba haka ba mutuwa za su yi. Iska mai sanyi kuma tana kwanciya a ƙasan kwarin, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, hayaƙin ya rasa hanyar fita. Da sassafe da bayan magariba har a harshe kake jin ɗanɗanonsa. A 2019 gwamnati ta hana ƙona ɗanyen kwal a garin, ta kawo wani sarrafaffe da ake curawa, an ɗan sami sauƙi, amma har na baro garin rigar sanyina warin gawayi take yi.

Likitar_Yara:
Malam, sakin layi na ƙarshe na Baƙon_Tuul shi ne maganar. Ka sake karanta shi. Huhun jariri bai gama ginuwa ba, kuma yana numfashi da sauri fiye da babba, don haka yana shaƙar hayaƙi fiye da kai in aka kwatanta da girman jikinsa. Likitocin Mongoliya da kansu da UNICEF sun daɗe suna kokawa kan yawan ciwon huhu a yaran Ulanbator lokacin sanyi. Ni ba zan ce maka kada ka kai ta ba, amma ba zan ba ka shawarar ka sauke 'yar wata takwas a garin nan a watan Nuwamba ba. In har za su je, dole a sami na'urar tace iska a ɗakin da take kwana, a toshe kafofin taga, kuma ka tabbatar inshorar lafiyar da makarantar za ta ba ka ta haɗa da matarka da 'yarka a rubuce.

Injiniya_Gobi:
Ni a kudancin ƙasar nake aiki, wajen haƙar ma'adinai, ina shigowa Ulanbator duk lokacin hutu. Maganar arha nake so in gyara. Arha ga wa? In za ka ci abin da ɗan gari ke ci, nama da fulawa da dankali da karas da kabeji da madara, to lallai za ka ji daɗi, kuɗinka zai yi auki. Bas ma ba ta da tsada. Amma ƙasar ba ta da teku, Rasha ce a arewa, China a kudu, kuma yawancin 'ya'yan itace da kayan gwangwani da kayan jarirai daga waje ake shigo da su. Ranar da ka nemi tumatir mai kyau ko ayaba a watan Fabrairu za ka gane. Dala ɗaya tana wajen tugurik 3,500, wato kuɗin ƙasar, don haka albashin zai yi maka kama da miliyoyi a takarda. Ka mayar da shi dala kafin ka yi murna.

Sannan haya. Inda iska ta fi tsabta shi ne kudancin gari, wajen Zaisan, gindin dutsen Bogd Khan, kuma nan ne haya ta fi tsada. Inda haya ta fi sauƙi nan ne kusa da hayaƙin da ake magana. Ka ga ashe arhar da lafiyar yarinyar ba sa zama unguwa ɗaya.

Baƙon_Tuul:
Injiniya ya yi gaskiya a kan haya. Amma ban yarda a ce babu arha ba. Ni na yi ajiya a can fiye da yadda na taɓa yi a Abuja. Babu sayen man janareta, babu sayen ruwa a kura, kuɗin ɗumama gida kaɗan ne, intanet mai ƙarfi ce kuma da sauƙi. Kuma babu bikin da za a gayyace ka duk Asabar. Wanda makaranta ta ba shi gida, ko ta ba shi kuɗin haya daban, zai iya tara abin kirki.

Maman_Hanif:
Ku dai kuna ta lissafin kuɗi. Ni tambayata, me za su ci? Naman can yankakke ne?

Baƙon_Tuul:
Hajiya, kin taɓo wuri mai muhimmanci. Yankan gargajiya na Mongolawa ba irin namu ba ne. Kwantar da tunkiya suke yi a rigingine, a ɗan tsaga cikinta ƙasan ƙirji, a zura hannu a tsinke babbar jijiyar jini daga ciki, don ba sa so jini ya zuba a ƙasa. Na gani da idona a ƙauye. Wannan a wurinmu mushe ne, babu ja. Don haka buuz da khuushuur da ake sayarwa a kowane lungu, wato fulawar da ake cusa wa nama a turara ko a soya, ni ban ci ba sai a gidan Musulmi.

Mafitar ita ce Kazakawa. Musulmi ne, su ne mafi yawan Musulmin ƙasar, waɗanda gaba ɗayansu ba su wuce kashi uku da ɗan wani abu cikin ɗari ba. Cibiyarsu lardin Bayan-Olgi ne can yamma mai nisa, amma akwai su a Ulanbator, akwai su da yawa a Nalaikh, gabas da gari, da masallacinsu. Ta wurinsu nake samun nama. Akwai kuma gidajen abincin Turkawa da na wasu Musulmi a cikin gari. Abin da na koya daga 'yan gari shi ne sayen naman sanyi: farkon Disamba mu haɗa kuɗi mu uku, a yanka mana sa ko tumaki, a raba, kowa ya zuba nasa a buhu ya ajiye a barandar bene. Ba ka bukatar firji. Naman zai daskare kamar dutse har Maris, in za ka yi miya sai ka shigo da gunduwa ɗaya tun da safe ta saki.

Ɗalibi_a_Kazan:
Ka manta ba ka gaya masa ba, Kazakawa suna cin doki. Mu ma nan Kazan ta ƙasar Rasha, Musulmin ƙabilar Tatar suna ci. In an gayyace shi gida, da wuya a rasa naman doki a faranti.

Maman_Hanif:
Doki kuma? Subhanallah. Musulmi?

Ustaz_Gwale:
Hajiya, kada mu yi saurin yanke musu hukunci. Mas'ala ce ta saɓani tun da. Mu a mazhabar Malikiyya abin da ya shahara shi ne ba a cin doki, shi ya sa abin yake mana baƙo. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta, suna kafa hujja da hadisin Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya yarda da su, cewa sun yanka doki a zamanin Annabi (SAW) sun ci. Malam, in aka kawo maka, ka ce ba ka saba ba, ka ci na tunkiya, ba sai ka ɓata wa mai gida rai ba. Abin da zan ce ka kiyaye shi ne nonon goɗiya da ake tsimawa, na ji an ce yana da ɗan maye.

Baƙon_Tuul:
Haka ne Ustaz, airag sunansa, kuma akwai ɗan maye a ciki. Da shi da giyar vodka, in aka miƙo mini sai in sa hannun dama a ƙirji in ce ni Musulmi ne. Ban taɓa samun wanda ya matsa mini ba. Shayinsu kuwa ka sha, na madara ne da gishiri maimakon sukari. Kofin farko zai ba ka mamaki, daga baya za ka neme shi da kanka in ka shigo daga sanyi.

Tunda Ustaz na nan, ga wani abu da ya taɓa zuciyata. Mu mun taso muna cewa "fuskanci gabas". A Ulanbator alƙibla yamma take, kusan daidai mafaɗar rana. Na yi makonni in na tayar da kabbara sai in ji jikina yana son juyawa. Lokutan salla ma suna tafiya sosai: a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura, ta faɗi wajen biyar, a Yuni kuwa magariba tana kai wa tara na dare. Yanzu da azumi ke faɗowa ƙarshen sanyi da sauƙi.

Ustaz_Gwale:
Madalla. Ya nemi huffi na fata tun yanzu, ya koyi hukuncin shafa a kai. Zai amfane shi a wurin aiki.

ƊanAgadas:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake bin zancen nan. Abin da Baƙon_Tuul ya ce game da mutanen da ke cikin tanti a gefen gari ya tuna mini da namu. Me ya kawo su gari suka bar daji?

Injiniya_Gobi:
Dalilai da yawa ne, aiki da makarantar yara da asibiti. Amma babba daga ciki shi ne abin da suke kira dzud. Damina ta yi ƙarancin ruwa, dabbobi su shiga sanyi babu ƙiba, sannan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa ko ta daskare a kai, dabba ta kasa tonowa. A sanyin 2023 zuwa 2024 dabbobi sama da miliyan 7 suka mutu. Makiyayin da ya wayi gari garkensa ya ƙare, sai ya naɗe tantinsa ya ɗora a mota ya nufo Ulanbator, ya kafa a bayan gari. Shi ya sa ba na son jin baƙi suna zagin masu ƙona kwal. Wani direbanmu mahaifinsa da tumaki da awaki ɗaruruwa yake, yanzu gadi yake yi.

ƊanAgadas:
Allah sarki. Daidai abin da fari ya yi wa Buzaye da Fulani a 1973 da 1984. Kakana haka ya shigo gari. Ashe sanyi ma yana yin abin da rana ke yi.

Ma'aikacin_Agaji:
Ni ban je Mongoliya ba, amma na yi aiki a Bentiu, Sudan ta Kudu, kuma sojojin Mongoliya na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ke tsaron sansanin 'yan gudun hijira a can. Mutane ne marasa yawan magana, masu riƙon aiki. Malam, kada ka yi mamaki in ka haɗu da wanda ya san Afirka fiye da yadda kake zato.

Yar_Katsina22:
To ya suke ɗaukar baƙar fata? Wannan shi ne abin da ba wanda ya faɗa.

Baƙon_Tuul:
Kallo dai za a yi maka, wannan ka shirya masa. Yara za su nuna ka da yatsa, wasu su nemi hoto da kai. Wata tsohuwa a bas ta taɓa kama hannuna ta shafa, ta yi murmushi, ta ciro busasshen cuku daga jakarta ta ba ni. Mafi yawa son sani ne. Sau biyu na gamu da mashaya da dare suka yi mini ihu, daga nan na daina tafiya a ƙafa ni kaɗai bayan ƙarfe goma. A kasuwa da cikin bas kuma ka kula da aljihu, kamar ko'ina.

Ka koyi gaisuwa, tana buɗe ƙofa: "sain baina uu" shi ne sannu, "bayarlalaa" na gode. Da haruffan Rasha suke rubutu, ka haddace su kafin ka tashi, mako biyu ya isa, don ko sunan unguwa a jikin bas ba za ka iya karantawa ba sai da su. Ka karɓi abu da hannun dama, wannan mun saba. In ka shiga ger kada ka taka dokin ƙofa. In kuma ka taka ƙafar mutum bisa kuskure, miƙa masa hannu ake yi nan take ku gaisa.

Injiniya_Gobi:
Kuma ya sani babu ofishin jakadancin Najeriya a garin. Fasfonka da nata su kasance da sauran shekaru a kansu kafin ku tashi.

Malamin_Turanci:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abu_Sumayya, ba su nemi ko sisi a wurina ba, kuma na yi magana da wata malama 'yar Kenya da ke koyarwa a makarantar. Sun ce za su ba ni gida mai ɗaki biyu, amma ba su faɗi unguwa ba. Za a fara karatu farkon Satumba. Maganar Likita ta tsaya mini a rai. Na karanta wa uwargida, ta yi shiru, sannan ta ce ita dai ba ta son a bar ta.

Likitar_Yara:
Ka tambaye su sunan unguwar da hawa na nawa ne, ka turo a nan waɗanda suka san garin su duba maka. Shawarata ita ce ka tafi a Agusta kai kaɗai, ka ga sanyi ɗaya da idonka, su biyo ka a Mayu. Lokacin yarinyar ta haura shekara ɗaya da rabi, ta ƙara ƙwari, kuma za su fara da watanni masu daɗi.

Maman_Hanif:
Likita, ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Maigidana ya yi wata goma sha huɗu a waje ina gida da goyo, na san abin da na sha. Waya ba ta maye gurbin mutum. Ga shi an ce tsakaninmu da can awa bakwai ne, lokacin da za ta gama aikin gida bayan la'asar shi dare ya yi masa. Yarinya za ta fara tafiya, ta fara kiran Baba, ba ya nan. In matar ta ce za ta je, a saya mata na'urar tace iskar, a tafi da ita. Matan can ba sa haihuwa ne?

Likitar_Yara:
Suna haihuwa Hajiya, kuma masu hali a cikinsu suna fitar da yaransu daga garin lokacin sanyi saboda wannan dalilin. Na fahimci zafin da kike faɗa, ban raina shi ba. Amma na kwana a kan yaran da numfashi ke yi wa wuya, shi ya sa nake magana haka.

Yar_Katsina22:
Ni kuma matar nake tunani ta wata fuskar. Shi zai fita aiki ya ga mutane. Ita za ta wuni a ɗaki da jaririya har tsawon wata biyar, ba maƙwabciyar da za ta leƙa, ba mai jin Hausa, waje duhu da ƙanƙara. A gaya mata wannan ɓaro-ɓaro kafin ta zaɓa.

Baƙon_Tuul:
Duk ku ukun kuna da hujja. Ni a gwauro na zauna, don haka ba ni da bakin magana a kan goyo. Abin da zan iya cewa shi ne lokacin zafinsu yana da kyau ƙwarai. Daga Yuni zuwa Agusta ƙasa ta yi kore shar, a fita Terelj, wani wurin shaƙatawa a wajen gari, a kwana a ger a bakin rafi, ga bikin Naadam daga 11 zuwa 13 ga Yuli, kokawa da sukuwar dawaki da harbin kibiya. ƊanAgadas, da za ka ga kokawarsu da ka ji kamar kana gida: ba ruwansu da nauyi, ƙato da siriri ake haɗawa. Ko a tsakiyar sanyin ma rana tana fitowa tar kusan kullum, sama shuɗiya, ba irin duhun Turai ba ne. Wannan yana taimaka wa zuciya sosai.

Malam, kada ka sayi kayan sanyi a gida, ba za su yi ba. Ka bari ka isa, ka je kasuwar Narantuul a watan Oktoba ka sayi takalmi mai gashi a ciki, lamba ɗaya sama da ƙafarka, da safar gashin raƙumi. Ka duba ƙasan takalmin da kyau, santsin ƙanƙara a bakin shaguna yana karya mutane.

Malamin_Turanci:
Na tura musu saƙo yanzu a kan unguwar da inshorar. In sun amsa zan dawo nan. Yaya Baƙon_Tuul, daga gida me zan riƙo wanda ba zan samu a can ba?

Baƙon_Tuul:
Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, citta da kanumfari. A daka su, a ɗaure da kyau a leda biyu. Sai man kaɗanya, mai yawa, don iskar can ta fi ta hunturu bushewa, leɓe da dunduniya tsagewa suke yi. In da yarinyar za ku tafi, ku ninka man.